Rumbun Gabas Na Nan

Litinin, 9 ga Disamba, da hantsi

Wannan littafin na rubuta ranakun shuka ne da na zuba taki, amma yau zai ɗauki wani abu dabam, tun da ba ni da wanda zan faɗa wa.

An tara mu a ɗakin ƙungiyar manoma. Manfu, ƙanen mijina, shi ne shugaba. Ya sha sabuwar riga, ya gabatar mana da wani Manaja Ning daga kamfanin hatsin da ya kafa hasumiyar busar da masara a bakin titi. Mu dai Hasumiya muke ce musu. Gilashin idon mutumin sai hazo yake yi saboda ɗumin murhu, yana cirewa yana gogewa, yana zuba mana romon baka. Wai sunan shirin nasu "Kawo yau, yanke farashi gobe". Ka kai musu masararka yanzu da danshinta, su busar, su ajiye, su ba ka rabin kuɗi a hannu. Duk ranar da farashin allonsu ya yi maka, sai ka danna waya, shi ke nan ka sayar, su cika maka sauran. Ba ɓera, ba ruɓewa, ba tsayuwar ciniki cikin sanyi. In kuma ƙauyen ya shiga kaf, ba gida ko ɗaya a waje, za a ƙara yuan arba'in a kan kowane tan.

Aka yi ta tafi. Na ɗaga hannu na tambaye shi wa yake rubuta farashin allon. Ya ce kasuwa. Na ce ina so in ga kasuwar nan ido da ido, tun da har ta iya riƙe alli. Aka kwashe da dariya, Manfu ya haɗe rai, mijina Deshan ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci. Shekara talatin da huɗu muna tare, har yau bai gane taka ƙafa ƙara mini murya yake yi ba.

A hanya na gaya masa ra'ayina. Masara in tana tsakar gidana, mai saye ne zai zo ya tsaya, ya cire safar hannu, ya sha ruwan zafina, in na ce a'a ya juya. In ta shiga Hasumiya, ni ce zan je in tsaya a bakin tagarsu. Deshan sai kallon takalminsa yake.

Rumbunanmu biyu na ragar waya cike suke, iska na ratsa wayar tana aikinta kyauta. Na gabas masarar gonarmu ce, wajen tan goma sha takwas. Na yamma ta hekta ukun da Deshan yake haya a hannun gidan Pei, tan talatin da biyar. Noma nasa ne, ban taɓa musu ba. Amma ranar sayarwa tawa ce, tun ranar da uwarsa ta miƙo mini makullin rumbu.

Laraba, 11 ga Disamba, da safe

Farashin allo yuan dubu biyu da tamanin kan kowane tan. Motoci sun fara ɗiba a layin arewa.

Juma'a, 13 ga Disamba, da la'asar

Maƙwabciyata Yulan ta kai tata jiya. Ta shigo da waya a hannu tana nuna mini masararta, wai ga ta nan, lamba ce a gilashi. Na ce ta ba ni ƙwaya ɗaya in ciza. Ta ce ni dai ba na canzawa.

Tawa kam na ciza. Sai da na sa ƙwayar a hammata ta huce tukun, don daskararriyar masara ko jiƙaƙƙiya ce ƙas take yi a haƙori, ta yaudari mutum. Danshinta kashi ashirin da shida, ko da bakwai, cikin ɗari. In iskar nan ta riƙe, kafin Sabuwar Shekararmu ta kalandar wata, a ƙarshen Janairu, za ta sauka sosai.

Manfu ya zo bayan ta tafi. Matar yaya kaza, matar yaya kaza. Gida sittin da ɗaya sun shiga, saura mu kaɗai, kuma arba'in ɗin kowa a wuyanmu take. Na ce ban ɗauki kuɗin kowa ba, wanda ya yi alkawarin ya je ya cika. Ya sha ruwan zafi ya fita, Deshan ya raka shi har ya daɗe.

Lahadi, 15 ga Disamba, da rana

Deshan ya dawo daga gidan Manfu ya wanke hannu sau biyu kafin ya zauna cin abinci, shi da sai na yi masa faɗa yake wankewa sau ɗaya. Ya riƙe tsinken cin abinci wani iri, babban yatsan a naɗe cikin tafin hannu. Jar tawadar nan ta dangwala yatsa a takarda ba ta fita da sabulu, kowa ya sani. Ban tambaya ba. Na ƙara masa miyar kabeji.

Litinin, 16 ga Disamba

Ban tambaya ba.

Talata, 17 ga Disamba, da yamma

Filas ɗin ruwan zafin da muka saya shekarar da aka haifi 'yarmu Haiyan ya fashe. Ba zan rubuta yadda aka yi ba. Na share, na zubar bayan gida. Bargo ɗaya ya ragu a ɗaki, an ce mai shi yana gidan Manfu. Na hura wutar ƙarƙashin gadon bulo kamar kullum, gefensa ya yi zafi a banza.

Cikin duk abin da Deshan ya faɗa, ɗaya ne gaskiya, shi zan rubuta. Kuɗin hayar gonar Pei na baɗi, yuan dubu talatin da tara, sai an biya kafin Ƙaramar Sabuwar Shekara, 22 ga Janairu. A nan ba a shuka gonar haya sai an biya tun da hunturu. Kowace shekara mukan sayar wa fatake rumbun yamma a farkon Janairu mu biya. Bana Manfu ya ce masa ba falken da zai shigo ƙauye saboda gida ɗaya, shi kuma ya tsorata. Tsoron ban ga laifinsa ba. Amma rumbu biyu ya sa a takardar, har da wanda ba nasa ba.

Alhamis, 19 ga Disamba, da azahar

Sun zo. Mota uku da injin sussuka na ƙungiya. Tun da na ji ƙararsu na saka babbar rigar auduga, na kulle rumbun gabas, na hau tsaninsa na zauna a mataki na huɗu.

Suka fara da na yamma. Ina kallo ma'aikacinsu ya tsoma na'urar auna danshi a gefen arewa, inda dusar ƙanƙara ta shiga, ya ce talatin da ɗaya. Na ɗaga murya na ce ashirin da bakwai ce, ya zo ya gwada gefen kudu. Ya ce na'ura ba ta ƙarya. Ba ta yi mana, amma mai tsomawa ya san inda yake tsomawa. Deshan na tsaye a bakin ƙofa, hannu cikin hannun riga, ko tari bai yi ba.

Da suka gama, Manfu ya zo gindin tsanin, ya yi ƙasa da murya.

"Matar yaya, sauko. Kada ki ba mu kunya gaban baƙi."

"Wanda ya dangwala muku yatsa ya ba ku abin da ya noma a gonar haya, ga shi can kun kwashe. Wannan gonar da sunana aka raba ta, ni na cire mata ciyawa. In kuna so, ku ɗauke ni tare da ita."

Direbobin suka yi ta dariya, ɗaya ya ce Inna ta fi tan ɗaya nauyi. Na ce ya zo ya ɗaga ya gani. Ba wanda ya matso. Sai da motar ƙarshe ta fita na sauko, ƙafafuna ba sa jin ƙasa, na kai kusan awa ɗaya a bakin murhu kafin su dawo.

Rumbun gabas na nan.

Asabar, 21 ga Disamba, da safe

Ashe akwai layin da Manaja Ning bai karanta mana ba a taro. Ba a sakin rabin kuɗin sai an cika adadin da aka dangwala a kai. Deshan ya dangwala tan hamsin da uku, ya kai talatin da biyar, saboda haka ko sisi ba za su ba shi ba. Masarar tana hannunsu, kuɗin yana hannunsu. Yulan ce ta kawo mini labarin, tana kallona kamar ni na rubuta layin.

Talata, 24 ga Disamba, da rana

Allo dubu biyu da arba'in.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya shigo da lasifika, wai yana sayen rumbunan waya. Ka ji mutumin da ya san lokaci. Yulan ta sayar masa da nata, ta ce me za ta yi da shi kuma, gara ta sami filin shanya. Gida shida na ƙirga a layinmu kaɗai. Rumbun Yulan mijinta ne ya gina shi shekara biyu kafin ya rasu, ni na riƙe musu wayar ana ɗaurewa. Cikin rabin yini aka kwance shi.

Na ce mata baɗi ina za ta zuba in Hasumiya ta ce ga sabon sharaɗi. Ta ce in fara damuwa da gidana.

Lahadi, 29 ga Disamba, da la'asar

Gidan Manfu sun yanka aladen Sabuwar Shekara. Tun safe ƙamshin kabeji mai tsami da nama yake shigowa ta kan katanga. Shekara talatin ni nake yanka musu kabejin, don matarsa ba ta iya yin siriri ba, kuma ta sani. Bana ba wanda ya aiko. Ina jin muryoyi, har na gane tarin Deshan.

Na ɗauko ƙullin gero da wake guda uku daga randar waje na turara na ci. Sun ishe ni. Can ta matse musu.

Ƙarya nake. Na ji ciwo, kuma na yi kuka, kaɗan.

Laraba, 1 ga Janairu, da hantsi

Haiyan ta kira daga Harbin, ubanta ya riga ya kai mata ƙara. Ta ce Mama, mene ne a cikin rumbu ɗaya. Na kasa ba ta amsa a waya, to bari in ba littafi.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya na raka babana kai hatsi ma'ajiyar gwamnati ta wancan zamanin da keken doki. Kwana biyu muka yi a layi. Da muka isa taga, wani matashi ne a ciki kusa da murhu, bai ko ɗago ba. Babana ya cire hularsa don ya yi masa magana, cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Ya daɗe a tsaye, hula a hannu, yana roƙon a sake duba darajar hatsin. Aka ba shi takarda maimakon kuɗi, aka ce ya dawo. Kunnensa na hagu bai ƙara zama daidai ba har ya mutu.

Yanzu tagar ta koma cikin waya, ba sai an cire hula ba. Ni dai na gane ta.

Asabar, 4 ga Janairu

Ina da lambobin fatake biyar a bayan kalanda. Na kira duka. Biyu sun ce ba sa biyowa ta nan bana, ba kaya. Ɗaya ya ce ya sayar da motarsa. Ɗaya yana yi wa Hasumiya dako yanzu. Na biyar ya ce wa zai yi mini sussuka, tun da injin na ƙungiya ne. Manfu bai yi ƙarya ba a nan, sai dai shi ya jawo abin ya zama gaskiya.

Na ciza. Ashirin da biyu. Rumbun gabas na nan.

Talata, 7 ga Janairu, da azahar

Manaja Ning ya zo da kansa, in za a kira wannan zuwa. Ya tsaya da mota a bakin ƙofa, ya sauke gilashi rabi, ya danna oda. Na ci gaba da ba kaji abinci. Ya sake dannawa. Da ya gaji ya ƙwala, Inna, Inna, minti biyu. Na ce ƙofar a buɗe take, ruwan zafi na kan murhu. Ya ce yana sauri. Daga cikin motar ya gaya mini cewa shi mutum ne mai tausayi, in na kawo masarar makon nan zai sa a saki kuɗin Baba Deshan a ranar, in ba haka ba akwai tara a takarda. Na ce ban ji ba, iska na kwashe maganar, ya shigo.

Bai shigo ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, da yamma

Allo dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in.

Yulan ta dawo, ba waya a hannu wannan karon, tana aljihu. Ta zauna a bakin gadon bulo, na ba ta gyaɗa. Ashe bayan kwana talatin kuɗin ajiya ke fara hawa, kullum. Ta ce kowace safiya kafin ta wanke fuska sai ta duba allo, kullum ta ce gobe zai tashi. Ɗan'uwanta a gundumar maƙwabta ya ce can fatake na saye sama da haka. Ta je tagar Hasumiya ta ce a ba ta masararta ta kai can. Aka ce ba laifi, ta biya kuɗin busarwa, da na ajiya, da na lodi, da na fitarwa. Da ta haɗa, gara ta bari.

Ta ce, Guilan, sun riga sun niƙa ta ma, ko? Na ce ban sani ba. Na sani. Motocinsu kullum fita suke a cike. Wanda hatsi ya riga ya shiga hannunsa, me zai sa ya ɗaga farashi?

Ban ce mata na gaya miki ba. Na so in ce, ya zo har bakina. Da za ta fita ta tsaya ta kalli rumbuna, ta ce arba'in ɗin nan fa har yanzu mutane suna ƙirga mini ita.

Laraba, 15 ga Janairu, da la'asar

Na tuka babur mai ƙafa uku na tsallaka kogi ta kan ƙanƙara, abin da Deshan bai taɓa bari na yi ni kaɗai ba. Akwai wani Tsoho Ban a ƙetare, mai kiwon shanun yanka, an ce ba ya ba dabbobinsa masarar hasumiya, wai wuta na ƙona ta. Na kai masa goyo shida a buhu. Ya ɓare ƙwaya, ya sa a hammata. Nan da nan na ji hankalina ya kwanta da shi.

Ya ce yana so, kuma yana da injinsa. Amma kuɗinsa duk suna tafiya da ƙafa huɗu, sai ya sayar da shanu a kasuwar gab da Sabuwar Shekara. Na ce kafin ashirin da biyu nake buƙata. Ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Na ji haushi, amma rabona da in ji magana madaidaiciya haka an kwana biyu.

Asabar, 18 ga Janairu, da rana

Deshan ya zo ɗaukar rigar sanyi. Ya rame, matar Manfu ba ta iya girki ba. Ya ɗauki rigar, ya tsaya, ya ajiye ta.

"Guilan, shekara tara ina zuba wa gonar nan takin shanu. A hannuna ƙasarta ta yi baƙi. Kwana huɗu ya rage."

"Na sani, tsoho."

"To ki ba ni makullin."

"Da ka tambaye ni kafin ka dangwala."

"Da na tambaye ki, da kin ƙi."

"Da na ƙi."

Ya ce ba don Hasumiya yake roƙo ba, ba don Manfu ba, don gonar ce. Bai taɓa roƙona komai ba, ko ranar da ya zo neman aurena uwarsa ce ta yi magana. Makullin na aljihuna, hannuna na kansa, har ya yi ɗumi. Saura kaɗan, ba zan ɓoye ba. Sai na tuna in na buɗe yau, baɗi ba wanda zai ma zo neman makulli wurina, takarda kawai za a aiko da ranar ɗiba.

Na ce zan nemo kuɗin ta wata hanya. Ya ɗauki rigarsa. Na cusa masa ƙullin gero goma a leda, ya karɓa.

Litinin, 20 ga Janairu, da yamma

'Yan kunnena da abin da ke ƙarƙashin katifa, dubu tara. Haiyan ta turo biyar. Na kira ɗan gidan Pei a birni na ce ga dubu goma sha huɗu, sauran bayan kwana kaɗan, mun yi shekara tara ba mu taɓa saɓa rana ba. Ya ce ya sani, Gwaggo, amma akwai wanda ya ajiye kuɗin cif, har da ƙarin ɗari biyar kan kowace hekta. Na ce wane ne. Ya ce ƙungiya.

Ƙungiyar da Manfu ke shugabanta, wadda Hasumiya ke ba iri da taki. Na kira Tsoho Ban, shanu ba su tashi ba tukun.

Talata, 21 ga Janairu

Na ciza. Goma sha takwas. Ban taɓa yin masara mai kyan wannan ba.

Laraba, 22 ga Janairu, da magariba

Yau Ƙaramar Sabuwar Shekara, wa'adin haya ya cika, gonar Pei ta tafi hannun ƙungiya. An share gidaje, ana ta harba wasan wuta. Ni ma na share nawa.

Deshan ya dawo da bargonsa a kafaɗa, ya shimfiɗa a gefensa. Da rana an gan shi a bakin gonar Pei, ba komai a wurin sai farin dusar ƙanƙara da kututtukan kara, ya daɗe a tsaye. Na zuba masa abinci ya ci rabi.

Ba zan rubuta cewa na yi kuskure ba. Ba zan rubuta cewa ban yi ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, da hantsi

Ka ji ikon Hasumiya. Yau da safe saƙo ya shigo wayar Deshan, wai cikin tausayawa an gyara takardarsa zuwa tan talatin da biyar, an cire tara, an saki rabin kuɗin. Yau, ba jiya ba. Ya miƙo mini wayar na karanta, na miƙa masa. Ya kifa ta a kan tebur.

Juma'a, 24 ga Janairu, da la'asar

Tsoho Ban ya sayar da shanunsa, ya zo da mota da injinsa. Ya bar su a waje, ya shigo da ƙafa, ya cire safar hannu. Na zuba masa ruwan zafi a sabon filas. Ya zagaya rumbun, ya ciro ta kudu, ya ciro ta arewa, ya sa a hammata, ya ciza. Ya ce dubu ɗaya da ɗari tara. Na ce ya sha ruwansa ya kama hanya kafin rana ta faɗi. Ya ce Yaya, allon Hasumiya yau ɗari tara da talatin ne. Na ce to ya je ya ba shanunsa allon. Ya yi dariya har da tari. Ya fita har bakin ƙofa sau biyu yana dawowa. Mutane suka taru a kan katanga, Yulan a gaba.

Da ya ga ba na motsi sai ya juya wajen Deshan, wanda ke tsaye a bakin ɗaki, ya ce mai gida ya sa baki mana.

Deshan ya ce, "Ba ni da baki a nan. Mai masara ka tambaya."

Ban san da wace zuciya ya faɗa ba, kuma ban duba fuskarsa ba.

Mun tsaya a ɗari tara da hamsin. Tan goma sha shida da rabi bayan sussuka, kuɗi a hannu, na ƙirga a kan gadon bulo yana kallo. In na haɗa da dubu goma sha huɗun nan, da ya isa hayar har da saura, da a ce ran Talata ne. Abin da na samu sama da allo kuwa, yuan ɗari uku da talatin ne duka. Na san abin da ake faɗa a gidan Manfu, wai ta zubar da hekta uku saboda ɗari uku da talatin. Su faɗa. Su har yanzu suna jiran a gaya musu nawa masararsu take.

Tsoho Ban ya ce baɗi in kira shi da wuri. Na ce zan gani, akwai wasu.

Litinin, 27 ga Janairu, da safe

Jibi Sabuwar Shekara. Haiyan na hanya. Ina cikin liƙa jajayen takardu a ƙofa sai ga mai sayen ƙarafa da lasifikarsa. Ya leƙo ya ga rumbuna biyu wayam, ya ce na gabas ya san labarinsa, ba zai ɓata bakinsa ba. Amma na yamma fa, tun da gonar ta tafi? Ya ba da ɗari takwas.

Na yamma ba nawa ba ne, Deshan ya gina shi da hannunsa shekarar da ya fara haya. Na ci gaba da shafa ƙullu a takarda. Ya fito daga ɗaki a hankali, ya kalli rumbun, ya kalli mutumin. Mutumin ya ce ɗari tara. Deshan ya ce ba na sayarwa ba ne. Mutumin ya ce to me zai zuba a ciki. Deshan ya ce ya matsar da motarsa, ta tare ƙofa.

Yanzu haka yana can a kan tsani da filaya, yana ɗaure wayar gefen arewa inda motocin Hasumiya suka tsinka. Abin da gonarmu ke bayarwa rumbun gabas kaɗai ya ishe shi, shi ma ya sani. Ban tambaye shi ba. Ya ƙwala mini kira in zo in riƙe masa tsanin, sai na ajiye alƙalami.